Yadda ake ƙara wa babban katin girafik gudu ba tare da an ƙona shi ba

Duk wanda ya zuba kuɗi masu yawa ya sayi katin girafik, wato katin da ke sarrafa hotunan kwamfuta, irin RTX 4090 na Nvidia ko RX 7900 XTX na AMD, ko ba daɗe ko ba jima zai ji ana cewa katin nasa yana da sauran ƙarfi da kamfani bai sakar masa ba. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, domin kamfanoni suna saita gudun ne a matakin da kowane ɗaya daga cikin dubban katunan da suka ƙera zai iya jurewa, don haka kusan kowane kati yana da 'yar rara. Sai dai rarar ba ta da yawa. A katunan zamani, abin da ake samu bayan an gama aikin yakan tsaya tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, kuma wanda ya shiga da tsammanin ninki biyu shi ne yake matsa wa kati har ya yi ɓarna.

A cikin katunan da na ga sun mutu a hannun masu wannan aiki, da wuya a sami wanda lambar gudu kaɗai ta kashe. Zafi ne, ko wuta marar kyau, ko fulogin da bai shiga ba sosai, ko kuma cire iyakokin da kamfani ya sa don kare katin. Shi ya sa a matakai biyu na farko ba za mu taɓa manhaja ba ko kaɗan.

Kayan aiki

Ta ɓangaren manhaja ana buƙatar guda huɗu. Ta farko ita ce MSI Afterburner, wadda da ita ake juya gudu da fanka, kuma tana aiki da katunan Nvidia da AMD ko da ba MSI ce ta ƙera su ba. A sauko da ita daga shafin MSI ko Guru3D kawai, domin an sha kama shafukan bogi da ke raba ta haɗe da manhajar sata. Mai katin AMD zai iya wadatuwa da sashen saiti da ke cikin Adrenalin, manhajar AMD kanta. Ta biyu ita ce GPU-Z ko HWiNFO, don karanta zafi da cin wuta. Ta uku manhajar gwaji ce mai ba da maki, kamar 3DMark ko Unigine Superposition. Ta huɗu kuwa wasa ne mai nauyi wanda ka saba bugawa, ko manhajar da kake aiki da ita kamar Blender, domin ita ce alƙalin ƙarshe.

Ta ɓangaren kayan hannu, ka tanadi sukundireba, burushi mai laushi, bulowa ta hura ƙura, tocila, da takarda da biro. Ma'aunin zafin ɗaki yana da amfani ƙwarai. Idan babu manhajar gwaji mai maki, wasanni da yawa suna da gwajinsu a ciki wanda ke nuna adadin hotuna a daƙiƙa, kuma ya wadatar muddin shi za ka riƙa maimaitawa da saiti iri ɗaya. Wannan bayani na kwamfutar tebur ne. Ba na ba mai laftof shawarar ya gwada, domin sanyayarta ba ta da rarar da za a ci.

Abin da ya kamata a fahimta kafin a fara

Katin zamani yana juya gudunsa da kansa a kowane lokaci, yana hawa har sai ya ci karo da ɗaya daga cikin iyakoki uku: iyakar wutar da aka yarda ya ci, iyakar zafi, da iyakar bolt. Aikinka shi ne ka gano wacce ce take tare shi. Lissafi ɗaya tak kake buƙata. Idan ka ɗaga gudu da kashi 10, cin wuta yana tashi da kusan kashi 10. Idan kuwa ka ɗaga bolt daga 1.0 zuwa 1.1, cin wuta yana tashi da kashi 21, domin bolt ana ribanya shi da kansa ne. Duk wutar da kati ya ci kuma zafi take komawa, zafin da dole fanka ta fitar.

Mataki na 1: Duba wuta daga bango har zuwa kati

Fara da fawa-fak, wato na'urar da ke raba wa sassan kwamfuta wuta. RTX 4090 yana cin wat 450, kuma Nvidia ta ba da shawarar fawa-fak mai wat 850. RTX 5090 yana cin wat 575, ana so a ba shi mai wat 1000. RX 7900 XTX yana cin wat 355. Waɗannan lambobi na kati ne kafin a ƙara masa komai. Bayan haka, manyan katuna suna fizgar wuta ta wuce ƙa'ida na ɗan ƙanƙanin lokacin da ido ba ya gani, kuma wannan fizga ce take sa kwamfuta ta mutu ɗif a tsakiyar wasa. Tsarin ATX 3.0 da ya fito a 2022 an yi shi ne don fawa-fak ya iya shanye irin wannan fizga. Idan naka tsoho ne, ko marar suna, ko ƙarfinsa daidai wa daida ne da buƙatar katin, ka kammala matakai na 1 zuwa 3, sannan ka tsallake zuwa mataki na 8.

Sai wayoyi. Idan katinka yana amfani da fulogi mai haƙora takwas, kowane ɗaya an ƙayyade masa wat 150, kuma kowane rami a jikin kati ya sami wayarsa daban tun daga fawa-fak. Kada a ciyar da ramuka biyu da waya ɗaya mai reshe. Kada kuma a taɓa ɗauko wayar wani fawa-fak a jona ta a wani don kawai bakin ya shiga, domin jerin wayoyin ciki ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma wannan kuskure yana ƙona kati nan take.

Fulogin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne 12VHPWR na katunan Nvidia na baya-bayan nan, da ƙanensa 12V-2x6. An ƙayyade masa wat 600. A kan bolt 12, wannan amfiya 50 ke nan, waɗanda ke bi ta haƙora shida kacal, wato kowane haƙori yana ɗauke da sama da amfiya 8 alhali iyakarsa ba ta kai 10 ba. Tsohon fulogi mai haƙora takwas kuwa bai fi amfiya 4 da ɗoriya yake ɗora wa kowane haƙori ba. Idan sabon fulogin ya karkace ko bai shige duka ba, wasu haƙoran sai su daina taɓawa sosai, kayan jakai shida ya koma kan biyu, su yi zafi har roba ta narke. Abin da ya faru ke nan jim kaɗan bayan fitowar RTX 4090 a Oktoba 2022, inda Nvidia ta ce ta sami rahoton kusan guda 50 kuma ta danganta yawancinsu da rashin tura fulogi har ƙarshe. An sake jin irin wannan labari da RTX 5090 a 2025.

Saboda haka, kashe kwamfuta, zare ta daga bango, ka tura fulogin har ka ji ƙarar maƙalewarsa. Haska tocila ka duba ta kowane gefe: kada a ga ko siririn tsagi tsakanin baƙar robar fulogi da ta kati. Kada ka lanƙwasa wayar sai ta yi nisan kamar santimita uku da rabi daga fulogin, kuma idan murfin akwatin yana danne ta, gara a bar murfin a buɗe da a tilasta mata. Kada a riƙa cirewa ana mayarwa ba dalili, domin haƙoran suna sakin jiki.

Daga nan sai wutar gida. A inda ake yawan ɗauke wuta ana dawo da ita da ƙarfi, ko ake sauyawa zuwa janareta, kati mai cin wat 450 bai kamata ya zauna a soket kai tsaye ba. Ka sa sitabilaiza mai kyau da UPS, ko inbata mai ba da wuta mai santsi irin ta layi. Ka lura cewa lambar VA da ke jikin UPS ba ita ce wat ba, domin mai VA 1500 yakan ɗauki wat 900 zuwa 1000 ne kawai. Ka sa mai gyaran wuta ya tabbatar soket ɗin yana da wayar ƙasa, kuma kada ka yi gwaji mai nauyi a kan ƙaramin janareta da ke canza murya duk lokacin da firji ya tashi.

Mataki na 2: Tsafta da iska

Buɗe akwatin ka hure ƙurar da ke tsakanin siraran ƙarafan sanyaya. Riƙe fankar da yatsa yayin da kake hurawa, domin bulowa tana iya juya ta fiye da ƙima ta lalata ta. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, jiki yana tara wutar da ke tartsatsi, don haka ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka kai hannu ga kati. Tabbatar akwai fankoki masu shigo da iska ta gaba da masu fitar da ita ta baya ko ta sama. Manyan katuna suna kai kilo biyu, kuma idan aka bar su suna rinjaya, allon katin yana lanƙwashewa a hankali har dalmar da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar katin (GPU) ko memori ta tsage. Sa masa madogara a ƙarshensa. In babu ta saye, ɗan guntun katako da aka yanka daidai tsayin ya isa, muddin bai taɓa fanka ba.

Mataki na 3: Auna katin kamar yadda yake

Sabunta direba, wato manhajar da ke haɗa kati da Windows, ka buɗe GPU-Z a gefe, ka gudanar da gwajinka sau uku ba tare da ka canza komai ba. Rubuta maki, da gudun da katin ya zauna a kai bayan ya ɗauki zafi, da zafin ƙwaƙwalwa, da zafin wuri mafi zafi a cikinta, da zafin memori, da wat, da zafin ɗaki. Katunan RTX 50 ba sa nuna zafin wuri mafi zafi, sai a wadatu da sauran.

A katin Nvidia, duba layin da GPU-Z ta rubuta PerfCap Reason. Idan ya nuna Pwr, iyakar wuta ce ta tare katin. Idan Thrm ne, zafi ne. Idan VRel ne, ya kai iyakar bolt, wanda ke nufin wuta da sanyi sun wadace shi.

A nan ake yanke shawarar ci gaba ko tsayawa. A ma'aunina, idan ƙwaƙwalwa ta haura digiri 80, ko memori ya kai 100, ko tazarar da ke tsakanin zafin ƙwaƙwalwa da wuri mafi zafi ta wuce digiri 25, katin bai shirya ba. Babbar tazara irin wannan tana nuna man sanyaya da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ya bushe ko ya tsiyaye gefe. Wannan ya fi yawa a katunan hannu, musamman waɗanda suka yi aikin haƙar kuɗin intanet dare da rana kafin Ethereum ta daina wannan tsari a Satumba 2022. RTX 3090 yana da rabin memorinsa a bayan allon katin, inda sanyi ba ya kaiwa sosai, kuma yana iya kaiwa digiri 110, inda katin ke rage gudu da kansa. Irin wannan sai an canza masa mai da 'yan katifun sanyaya masu kauri daidai da na asali, aikin da ya fi kyau a kai wa wanda ya saba, kuma a san cewa buɗe kati yana iya taɓa garanti.

Mataki na 4: Iyakar wuta da fanka

A Afterburner, ɗaga Power Limit da kashi 5 zuwa 10, ka danna alamar amincewa, ka sake gwaji. Wasu katunan a kulle suke a 100, wasu kuma kamar RTX 4090 na Nvidia kanta suna kaiwa 133, wato wat 600. Ba na ganin hikimar kai shi can, domin makin da ake samu kaɗan ne, fulogin kuma an kai shi bakin iyakarsa. Kada ka taɓa Core Voltage, wato bolt ɗin ƙwaƙwalwa. Sannan ka shiga saitin fanka ka sa ta fara tashi da wuri, ta kai kamar kashi 70 a digiri 70. Katunan Nvidia suna sauke gudu da MHz 15 a kowane 'yan digirori da zafi ya ƙaru, saboda haka sanyi kansa ƙarin gudu ne.

Mataki na 5: Gudun ƙwaƙwalwa

Sa +50 a Core Clock, ka gwada na minti goma. In lafiya, ƙara 15 ko 30, ka sake gwadawa, kana rubuta maki kowane zagaye. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, domin wanda ya ɗaga ƙwaƙwalwa da memori tare ba zai san wanne ya kawo matsala ba. Za ka kai inda allo zai fara ƙyaftawa, ko ɗigo-ɗigo masu launi su bayyana, ko gwajin ya rufe kansa, ko allo ya yi baƙi ya dawo. Wannan na ƙarshe Windows ce ta sake tayar da direba bayan ta jira daƙiƙa biyu katin bai amsa ba. Duk waɗannan ba ɓarna ba ce, alama ce kawai cewa gudun ya fi ƙarfin bolt ɗin da ake ba shi. Koma baya da MHz 30 daga inda ya faɗi. Katuna da yawa suna tsayawa tsakanin +100 da +200, amma kada ka kwafi lambar wani ko da katinku iri ɗaya ne, domin kowace ƙwaƙwalwa da irin halinta.

Alama ɗaya ce ta bambanta. Idan kwamfutar gaba ɗaya ta mutu kamar an ɗauke wuta, fawa-fak ne ya kare kansa. Mayar da iyakar wuta 100, kada ka sake gwadawa sai ka warware batun mataki na 1.

Mataki na 6: Gudun memori

A nan masu farawa suka fi ruɗewa. Memori irin GDDR6X da GDDR7 yana gane kuskure ya sake aika bayanin, don haka idan ka wuce gona da iri ba lallai ka ga komai a allo ba, sai dai makin ya tsaya ko ya fara sauka alhali lambar tana hawa. Ƙara +200 a Memory Clock kowane zagaye, kana kallon maki. Da zarar ƙari bai kawo ƙarin maki ba, koma baya mataki ɗaya ko biyu. Ido kuma yana kan zafin memori, kuma ni ba na barin ya wuce digiri 95.

Mataki na 7: Dogon gwaji da ajiyewa

Saitin da ya tsallake gwajin minti goma yana iya faɗuwa bayan awa biyu a cikin wasa na gaske, musamman mai amfani da fasahar bin haske (ray tracing) da ke wahalar da kati. Yi wasa ko aiki na awanni da manhajoji daban-daban har na 'yan kwanaki kafin ka amince. Ban cika son barin manhajar gwaji ta FurMark tana gudu na dogon lokaci ba, domin tana dafa kati fiye da kowane aiki na gaske kuma ba ta tona rashin daidaito sosai. Ajiye saitin a ɗaya daga cikin lambobin da ke gefen Afterburner, amma kada ka kunna maɓallin da ke sa ya hau tare da Windows sai ka gamsu. Idan ka riga ka kunna kuma kwamfuta tana faɗuwa da zarar ta tashi, shiga ta Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi ba tare da ƙarin manhajoji ba, ka cire Afterburner.

Ka tuna da yanayi. Masu gwada katuna a Turai da Amurka suna yi ne a ɗakuna masu digiri 20 da 'yan kai, kuma kowane digiri da ɗaki ya ƙaru kusan digiri ɗaya ne a jikin kati. Saitin da ya zauna lafiya a watan Janairu a Kano ko Zinder yana iya gazawa a Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Wanda ba shi da na'urar sanyaya ɗaki ya ajiye saiti biyu, na sanyi da na bazara.

Mataki na 8: Hanyar rage bolt

Ga wanda fawa-fak ɗinsa bai da rara, ko ɗakinsa ke da zafi, ko yake kan inbata, wannan ita ce hanyar da na fi so, kuma ko mai wadatar kaya zai amfana da ita. Mayar da komai yadda yake, ka danna Ctrl da F a Afterburner. Zane zai buɗe mai ɗigogi, bolt a kwance, gudu a tsaye. Nemi ɗigon 950, wato milibolt 950 ko bolt 0.95, ka ja shi sama zuwa gudun da ka rubuta a mataki na 3, sannan ka zaɓi duk ɗigogin da ke damansa ka ja su ƙasa, ka danna amincewa. Layin zai miƙe daga nan, ma'ana katin ba zai wuce bolt 0.95 ba. Idan da yana aiki a 1.05, lissafin nan namu ya nuna cin wutar ƙwaƙwalwa zai ragu da kusan kashi 18 a gudu iri ɗaya. In ya faɗi, sauke gudun da MHz 30 ko ka koma ɗigon 975. A katin AMD ya fi sauƙi: RX 7900 XTX yana farawa daga milibolt 1150, sai a riƙa ragewa da 10 ko 20 a Adrenalin ana gwadawa, kuma sau da yawa gudunsa hawa yake yi saboda ya sami rarar wuta.

Abubuwan da ke kashe kati

Ban da fulogi da wutar gida, babban mai kisa shi ne hawa da saukar zafi. Duk lokacin da kati ya yi zafi ya huce, allon katin da dalma suna buɗewa suna tsukewa ba a tare ba, kuma bayan shekaru dalmar tana tsagewa. Bolt mai yawa tare da zafi kuma yana cinye siraran hanyoyin da ke cikin ƙwaƙwalwa a hankali, har katin da ke ɗaukar +150 bara ya kasa ɗaukar +50 bana. Sashen da ke sauke bolt 12 zuwa kusan bolt 1 shi ma yana ƙonewa idan aka matsa masa. A 2021 wasu katunan RTX 3090 na kamfanin EVGA sun mutu a wasan New World, kuma kamfanin ya ce ya gano raunin dalma a wannan sashe. Tun daga nan nake ba da shawarar a ƙayyade adadin hotuna a daƙiƙa daidai da abin da allonka ke iya nunawa, don kada kati ya riƙa gudu a banza a shafin zaɓe na wasa.

Abu biyu ne nake hana mai farawa gaba ɗaya: ɗora wa kati BIOS na wani katin, wato manhajar da ke cikin katin kansa mai riƙe da iyakokinsa, don a buɗe iyakar wuta, da yi wa allon katin dalma don a ruɗi ma'aunin wutarsa. Dukansu suna cire kariyar da ta sa matakan da ke sama ba su da haɗari, kuma idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar ɗora BIOS, katin yana iya ƙin sake tashi, musamman in ba shi da maɓallin BIOS na biyu.

Ƙarar siririya kamar ta gyare da wasu katuna ke yi idan suna aiki ba cuta ba ce. Abin tsoro shi ne layuka ko ɗigogi a allo tun kafin Windows ta hau, ko lambar kuskure 43 a sashen Device Manager na Windows bayan an mayar da komai yadda yake an kuma sake sa direba, ko warin roba, ko fulogin da ya canza launi zuwa ruwan ƙasa. Idan fulogi ne, a daina amfani da shi nan take, a canza wayar, a kuma sa a duba ramin da ke jikin kati, domin ramin da ya taɓa ƙonewa zai ƙona sabuwar wayar ma. Idan kuma mai gyara ya ce zai hura wa ƙwaƙwalwar iska mai zafi ta dawo, ka sani gyaran 'yan makonni ne ko watanni, kuma zafin yana iya lalata memorin da ke kewaye. Ka nemi wanda zai fara auna layukan wutar katin da mita, ya gaya maka sashen da ya mutu kafin ya kunna wata na'ura.